Matambayi Ba Ya Ɓata: Tsibirin Zomaye da Abin da Aka Binne a Cikinsa

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru. Wani tsohon bidiyo ne ya sake dawowa yana yawo a WhatsApp, na wata mata da ke gudu a kan titi da ledar abinci a hannu, zomaye fiye da a ƙirga suna biye da ita. Na zaɓi wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso, domin kowace ta taɓo wani gefe daban na maganar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni mai kiwon zomaye ne a bayan gidanmu, keji huɗu gare ni. An turo mini bidiyon nan na tsibirin zomaye, na kalla har ban san iyaka ba. Sai ƙanena da ke jami'a ya ce wai a wurin ne sojoji suka riƙa haɗa guba, kuma wai zomayen jikokin waɗanda aka yi gwajin gubar a kansu ne. Da gaske ne? In kuwa da gaske ne, yaya dabba take rayuwa a irin wannan wuri?
Mai kiwon zomaye, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a kiwo. Ƙanenka ya yi daidai a maganar guba. Maganar jikoki kuma akwai gyara, zan zo kanta.

Sunan wurin Okunoshima. Ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun Seto, wanda ke tsakanin manyan tsibiran Japan, kuma yana ƙarƙashin birnin Takehara a lardin Hiroshima. Kewayensa bai wuce kilomita 4 da 'yan kai ba, mai ƙafa zai zagaye shi tsakanin azahar da la'asar bai yi haki ba. Daga tashar jiragen ruwa ta Tadanoumi minti 15 ne a jirgin fito. Ba gari a cikinsa, ba unguwa, ba mai gona. Otel guda ne, da filin kafa tanti, da bakin ruwa inda ake wanka, sai kangaye da zomaye.

Soja sun shige shi tun kafin a zo maganar guba. Lokacin da Japan ke shirin karawa da Rasha, an gina wuraren girke igwa a arewacinsa da tsakiya da kudu don a tsare mashigar ruwan, aka kammala wajen 1902. Jiragen Rasha ba su taɓa isowa nan ba, har ma da yaƙin ya ɓarke a 1904 sai aka ciri wasu igwogin aka kai su bakin daga. Ginin jan bulo na wancan zamani yana nan har yau.

A 1925 ƙasashe suka taru a Janiba suka sa hannu a yarjejeniyar hana amfani da iskar guba a yaƙi, bayan abin da aka gani a Yaƙin Duniya na Farko. Japan ta sa hannu, amma ba ta tabbatar da ita a hukumance ba sai 1970. Yarjejeniyar kuma tana da ɓaraka babba: ta hana harbawa, ba ta hana haɗawa da tarawa ba. Shekara biyu da sa hannun, a 1927, sojojin ƙasa na Japan suka tashi 'yan gidajen da ke tsibirin suka fara ginin masana'anta. A 1929 ta fara aiki. Sun zaɓi wurin ne don ruwa ya kewaye shi, yana nesa da Tokyo ko da wani abu zai fashe, kuma yana kusa da gaɓa yadda leburori za su zo da safe su koma da yamma. Daga baya sai aka share tsibirin daga taswira ɗungurungum, inda yake aka bar shi kamar teku ne zalla. Jirgin ƙasa in ya biyo gaɓar, akan rufe tagogin da ke kallon ruwa.

Tsakanin 1929 da 1945 an haɗa guba sama da tan 6,000 a wannan ɗan wuri. Da launi suke kiranta don kada a faɗi suna. Rawaya ita ce mai ƙona fata, wato mastad da luwisayit. Ja mai sa atishawa da amai, kore mai sa hawaye, ruwan ƙasa kuma mai tsayar da numfashi nan take.

Bari in tsaya a kan mastad, domin na yi shekaru ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare kuma ban san abin da ya kai shi mugunta ba. Ana ce masa iska, amma asalinsa ruwa ne mai maiƙo, mai warin tafarnuwa. A ɗakin gwaji, ranar da ɗigon asid ya faɗa wa wani ɗalibina a gwiwa, kafin in juyo ya riga ya yi tsalle yana ihu, muka kai shi bakin famfo muka yi ta kwarara ruwa, ya tsira da ɗan tabo da hudajjen wando. Zafin nan shi ya cece shi. Mastad kuwa ba ya yi wa mutum wannan gargaɗin. Zai taɓa ka ba ka ji komai ba, ka gama aiki, ka hau jirgi, ka ci tuwon dare. Sai bayan awoyi fata ta yi ja, bororo ya taso a hammata da matsematsi da wuya, duk inda gumi ke taruwa. Idanu su kumbura su rufe. In an shaƙe shi kuma, abin da ya yi wa fata shi yake yi wa maƙogwaro da huhu. Luwisayit shi yana da zafi tun farko, kuma a cikinsa akwai sinadarin asenik. Ka riƙe wannan suna, zai dawo.

Mutum sama da 6,000 ne suka yi aiki a can. Da farko manoma ne da masunta na ƙauyukan gaɓa, waɗanda albashin ya ja su a lokacin da ake fama da babu. Ana ba su rigar roba daga kai har ƙafa, da takunkumi da safar hannu da takalmi, amma gubar tana bi ta mahaɗar kayan, tana ma ratsa robar kanta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani maza suka ƙare, sai aka kwaso 'yan makaranta kimanin 1,000, maza da mata, wasunsu ba su wuce shekara 13 ko 14 ba. Su ne masu tura durom-durom a amalanke. 'Yan matan kuma an sa su manna takardu ana yin manyan balan-balan da ake ɗaura wa bam a sake su iska ta kai Amurka. Kowa an gargaɗe shi kada ya faɗa wa ko da uwarsa irin aikin da yake yi.

Bayan yaƙi sai tari ya bi su gida, tarin da ba ya jin magani. Likitocin Jami'ar Hiroshima suka fara lura da su a farkon shekarun 1950, suka bi su shekara da shekaru, a 1968 suka bayyana cewa ciwon dajin huhu da na maƙogwaro ya ninka a cikinsu sau da yawa fiye da sauran jama'a. Gwamnati ta fara taimaka wa tsofaffin ma'aikatan soja a 1954, amma yaran makarantar nan sai a shekarun 1970 aka waiwaye su.

Su ke nan masu haɗawa. Waɗanda aka haɗa dominsu kuwa mutanen ƙasar Sin ne. Akan kai gubar wata masana'anta a Sone a ɗura ta cikin harsasan igwa da bama-bamai, daga nan sai fagen daga. An yi amfani da ita a yaƙin Wuhan a 1938, da Yichang a 1941. A watan Mayu na 1942, a ƙauyen Beituan da ke lardin Hebei, mutane sun ɓuya a ramukan da suka haƙa ƙarƙashin gidajensu, sojoji suka tura musu hayaƙin, ɗaruruwa suka mutu, har da mata da yara. Da aka zo shari'ar manyan Japan a Tokyo bayan yaƙi, ba a hukunta kowa a kan guba ba. Abin da sojojin suka binne a Sin suka gudu kuma bai daina cizo ba. A watan Agusta na 2003 masu haƙan gini a birnin Qiqihar suka tono durom-durom na mastad, mutum ɗaya ya mutu, sama da 40 suka jikkata, shekara 58 bayan an ce yaƙi ya ƙare.

A tsibirin kansa, sojojin ƙawancen da suka ci Japan da yaƙi ne suka jagoranci sharewa a 1946 da 1947. Wata gubar an loda ta a jirage aka nutsar a teku mai zurfi, wata an ƙona, gwangwanayen jar gubar kuma aka cusa su a ramukan fakewa daga bama-bamai aka toshe baki. Gine-ginen an bi su da bindiga mai feshin wuta.

To, ga zomaye. Gaskiya ne an yi kiwon zomaye a masana'antar don gwajin guba, amma waɗancan an hallaka su lokacin sharewar. Abin da mutanen yankin suka fi tafiya a kai shi ne, a 1971 wata makarantar firamare ta kawo zomaye takwas ta sake su a tsibirin. Kai da kake kiwo ba sai na yi maka lissafi ba. Cikin wata guda, haihuwa biyar ko shida ko fiye, ba a jima ba uwar ta sake ɗauka. Ga shi ba kare, ba kyanwa, ba maharbi, domin duk an hana shiga da su. Haka suka kai ɗaruruwa masu yawa.

Yadda suke rayuwa kuwa, ai ba ko'ina gubar take ba. Mastad wuta tana cinye shi. Asenik ne ba ya ƙonewa ya ɓace, domin shi tushen sinadari ne, sai dai ya sauya kama ya zauna a ƙasa ko ya bi ruwa. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar muhalli ta auna ƙasar tsibirin ta sami asenik fiye da kima a wasu wurare, aka kwashe wata ƙasar, aka killace wasu sassan. Ruwan da baƙi ke sha a otel ɗin ma a jirgi ake kawo shi daga gaɓa.

Kada kuma bidiyon ya sa ka ɗauka zomayen nan a daula suke. Gudun da ka ga suna yi, na yunwa ne. Sun yi wa tsibirin yawa, sun cinye ciyawar da bakinsu ke kaiwa, sun koma dogaro da hannun baƙi. Ranar hutu abinci har ya ruɓe, ranar ruwan sama ba mai zuwa. Yawancin abin da ake kawo musu kabeji ne da karas, kabeji kuwa in ya yi yawa kumbura cikin zomo yake yi. Ragowar abincin na jawo hankaki da ɓera, har da aladen daji da ke iyo su haye daga gaɓa. Ga faɗa a tsakaninsu, za ka ga mai yagaggen kunne da mai ciwon ido. Da yawansu ba sa wuce shekara biyu. Shi ya sa aka kafa doka: kada a ɗauke su, kada a bi su da gudu, kada a ba su abinci a kan titi, kada kuma wani ya kawo nasa ya yar.

Kai ma ka ɗauki naka a nan. Na san yadda ganyen kabeji ke araha a Farin Gada, wani lokaci ma kyauta ake kwasa. Kada ya zama shi ne abincinsu kullum. Ka riƙa haɗawa da harawa da ganyen dankali da dusa, ka bar ɗanyen ganye ya ɗan sha iska kafin ka zuba, ruwa kuma kada ya yanke a keji.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na yi aikin soja har na yi ritaya. Jikana ya karanta mini tarihin wannan tsibiri, raina bai so abin ba. Wurin da aka yi aikin kisa, leburori suka lalace, a mayar da shi wurin ɗaukar hoto da wasa da dabbobi? A ganina a kewaye shi da waya a rufe ya fi mutunci. Me ka gani?
Tsohon saje, Hanyar Rukuba, Jos

AMSA: Yallaɓai Saje, barka kadai, Allah ya saka da hidimar da aka yi wa ƙasa. Na fahimci abin da ya sosa maka rai, wanda ya ga gawa a fagen daga ba zai so a yi dariya a inda ta kwanta ba. Amma a nan ban bi ka ba, kuma zan faɗi dalili.

Rufewa ai ita aka yi tun farko. Waɗanda suka gina masana'antar ba abin da suka fi so irin kada kowa ya taka wurin, kada a gan shi a taswira, kada a ambace shi. In yau aka ja waya aka kulle, an cika musu burinsu ke nan. Su kuwa leburorin da suka rayu da tarin, abin da suka nema shi ne a zo a gani.

Ga yadda abin ya bi. Lokacin yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, sojojin Amurka sun mayar da tsibirin ma'ajiyar harsasai. Har yau a jikin bangon tsohuwar tashar lantarki ana iya karanta MAG2 da suka rubuta. Bayan an mayar wa Japan da shi, a 1963 aka buɗe masaukin hutu na gwamnati, tsibirin kuma yana cikin yankin shaƙatawa na ƙasa na tekun Seto. Shekara 25 iyalai suna zuwa wanka da wasan ƙwallo babu wani ɗaki da ke gaya musu a kan me suke tsaye. Wannan lokacin, Yallaɓai, da ka yi fushi da shi da na taya ka. Tsofaffin ma'aikata ne da ƙungiyoyinsu da garuruwan gaɓa suka dage, suka haɗa ƙarfi, har aka buɗe gidan tarihin guba a 1988. A watan Maris na wannan shekarar ce aka zuba wa garin Halabja na Iraƙi guba, mutum kimanin 5,000 suka mutu, ka ga ba tsohon zance suke tonowa ba.

Gidan tarihin ƙarami ne, ɗaki biyu. An tsayar da rigar robar nan da takunkuminta kamar mutum na ciki. Akwai tukwane da bututun tangaran da aka yi aiki da su, saboda sinadaran suna cin ƙarfe. Akwai takardun ma'aikata, da hotunan fatar waɗanda gubar ta taɓa, har da na yaƙin Iran da Iraƙi. Kuma ba a ɓoye cewa Sin aka kai ta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lardin Hiroshima, inda duniya ta san mutanen da bam ɗin nukiliyar da aka jefa musu ranar 6 ga Agusta 1945. A ce a lardi guda akwai wurin da ke cewa an zalunce mu, ga kuma wani da ke cewa mu ma mun yi zalunci, sai masu ƙarfin hali.

Ba zan ɓoye maka ba, da yawa daga masu zuwa ba sa leƙa ɗakin. Zomo ya kawo su, zomo suke ɗauka a hoto su koma. Masu tallar wurin ma kunnen zomo suke sa wa a gaba, kuma wannan yana ci mini rai. Sai dai hanyar da ke zagaye tsibirin ba ta barin mutum ya tsere wa tarihin. Dole ka wuce tashar lantarkin nan, gini mai tsawo, tagogi duk sun zube, kurangar daji ta lulluɓe bango. Dole ka wuce ma'ajiyar Nagaura, inda aka girke tankuna shida kowanne mai cin tan 100, bangonta har yau baƙi ƙirin da wutar da aka fesa masa. A gaban kowanne akwai allo. Yaron da ya biyo zomo har bakin wannan bango zai tambayi ubansa me ya ƙona shi. Tsibirin da aka kulle ba wanda zai yi wannan tambaya a kansa.

Sharaɗi guda ne ba na sassautawa, kuma kai ka fi ni saninsa: sai an share kafin a buɗe, abin da bai sharu ba kuma a faɗa wa mutane ƙarara. Ba mu manta da ranar 27 ga Janairu 2002 ba, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutum sama da 1,000 suka mutu, yawancinsu a magudanar ruwan da suka faɗa suna gudu. Kayan soja ba ya tsufa ya zama ba kome ba. A Finlan akwai tsibirin Vallisaari a bakin Helsinki, tsohuwar ma'ajiyar makamai, wanda aka buɗe wa jama'a a 2016. Saboda fashewar da ta faru a can a 1937 ta watsa harsasai ko'ina, an hana haƙa ƙasa, wasu sassan kuma an hana sauka daga hanya. Mutane na zuwa yawo da 'ya'yansu, kuma sun san dalilin dokar.

Yanzu bari in dawo da mu gida, domin Yaƙin Duniya na Biyu bai bar Jos ba. Da Japan ta kama Malaya, wadda yau take cikin ƙasar Malesiya, a farkon 1942, Birtaniya ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta, sai ta juyo kan tudun nan namu. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso mutum kimanin 100,000 daga lardunan Arewa aka kawo su haƙar kuza a kan tilas. Shi ne ɗiban gwamna. Kakana na wajen uba yana cikinsu. Daga ƙasar Katsina aka ɗebo shi da riga ɗaya, bai taɓa sanin akwai sanyi irin na nan ba. Ina yaro a Gangare nakan zauna kusa da shi da hantsi yana shan rana, ya miƙe ƙafafu, dugadugansa duk faso, farcen babban yatsa guda bai sake fitowa ba. Yakan ce da buhu suke rufa, su kwana a jere a bukkar ciyawa, da asuba a shiga ruwa mai ƙanƙara da kwano a ka. Wanda tari ya kama, kwana kaɗan ne. Bai koma Katsina ba, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. A daidai wannan lokaci kuma 'yan uwanka sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suna dajin Burma suna fafatawa da Japan ɗin.

Ramukan da aka haƙa tun zamanin Turawa su ne tafkunan da ke warwatse daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Wasu an yi lambun kabeji da tumatir a bakinsu, wasu ana kiwon kifi, na Rayfield kuma ya zama wurin shaƙatawa har da kwalekwale. Ni kaina nakan kai jikokina bakin ruwa ranar sallah, ban ga laifin haka ba. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da sashen kuza, kuma kawunan mutum-mutumin yumɓu na Nok da muke alfahari da su ma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Amma a bakin tafkunan da ke bayan unguwanni, inda yara ke wasa kullum, ba abin da ke gaya wa yaro wa ya haƙa wannan rami, daga ina aka kawo shi, da yardarsa ko ba da yardarsa ba. Jikokin mutanen nan muna cike da Gangare da Dilimi da Bukuru, mun san labarin a baki, bakin kuma yana ƙarewa. Mutanen gaɓar Tadanoumi ba su jira gwamnati ta tuna da su ba. Ku ƙungiyar tsofaffin sojoji kuna da murya, mu jikokin 'yan kuza muna da yawa. Allo guda na ƙarfe da rubutun Hausa da Turanci da Birom bai fi ƙarfinmu ba. In ka shirya, ka aiko ta ofishin mujalla a haɗa mu.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da aji biyar. Ɗalibaina sun ga bidiyon suna ta murna. In gaya musu maganar guba, ko in bar su da zomayensu?
Malamar firamare, Bukuru

AMSA: Malama, sannu da fama da yara. Ki gaya musu, amma gwargwadon shekarunsu. Ba sai kin nuna musu hoton fatar da ta ƙone ba. Ki fara da zomayen, ki bar su su yi dariyarsu, sannan ki zana tsibirin a allo ki goge shi da tsumma, ki tambaye su me zai sa gwamnati ta goge wuri daga taswira. Za ki sha mamakin amsoshinsu. Daga nan ki faɗa musu cewa yara da ba su girme su da yawa ba aka fitar daga aji aka sa su tura durom ɗin guba, kuma an hana su faɗa a gida. Wannan za su riƙe shi. Ki ƙara da cewa tun 1997 akwai yarjejeniyar duniya da ta hana haɗa irin wannan makami da tara shi, kuma Najeriya na cikinta.

Tunda a Bukuru kike, kada ki tashi darasin ba ki kawo shi bakin tafki ba. Ramin kuza ba kamar rafi yake ba. Gefensa a tsaye yake, taku biyu daga inda ruwa ke gwiwa sai zurfin da ya shanye dogon mutum, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ciki da sanyin da ke ɗaure jijiya. Kusan kowace shekara sai an yi rashin yaro a irinsu. Ki kuma gaya musu su faɗa a gida cewa baƙin yashin da ke ragewa bayan wankin kuza ba na shafen ɗaki ba ne, ba kuma na suyar gyaɗa ba, domin akwai ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya a cikinsa. Sannan ki ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsohon gidansu ko akwai wanda ya yi aikin kuza a danginsu, daga wane gari ya zo, ya rubuto a shafi guda. Waɗanda suka fi kyau ki aiko mini, zan nemi edita ya ba su fili.

Mai tambaya daga Tudun Wada a kan maganin ƙwarin da ake zuba wa wake a buhu, wasiƙarka ta iso, amsarta sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.